Amsoshin Tambayoyinku: Littattafan Baƙar Fata ga Yara Masu Tasowa

Wata uwa daga Kaduna ta rubuto cewa: "Malama, 'yata mai shekara 11 tana son karatu ƙwarai, amma duk littattafan Turancin da take karantawa labarin 'ya'yan sarakunan Turawa ne masu dogon gashi. Kwanan baya ta tambaye ni ko akwai man da zai sa ta yi haske, kuma tun ranar barcina ya ragu. Me zan saya mata?"

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin yarinyar da ta kawo wa mahaifiyarta irin wannan tambaya ba ta yi nisa ba, wadda take ɓoyewa ita ce abin tsoro. Ki fara da na gida. Chike and the River, wanda Chinua Achebe ya fitar a 1966, labarin wani yaro ne tsaranta a Onica da yake fafutukar neman kuɗin fito domin ya ƙetare kogin Neja zuwa Asaba, kuma gajere ne, za ta gama shi cikin kwana biyu. Idan ta ji daɗinsa sai ki nemo Roll of Thunder, Hear My Cry na Mildred Taylor, wanda ya fito a 1976. Cassie, yarinyar da ke ba da labarin, tana zaune a jihar Misisifi ta Amurka a shekarar 1933, lokacin da ake raba wa makarantun baƙar fata tsofaffin littattafan da 'ya'yan Turawa suka gama yagalgalawa, iyayenta kuwa sun ƙi sakin gonarsu duk da barazanar da ake yi musu. Sai dai akwai zagi na wariyar launin fata da labarin ƙona mutane a ciki, saboda haka ki riga ta karantawa, sannan ku riƙa zantawa a kan kowane babi. Zaman da za ki yi da ita a lokacin zai fi littafin kansa tasiri.

Wani magidanci daga Abuja yana son a faɗa masa littafin da ya fi kowanne cin lambar yabo, ya saya ya ajiye a falo domin baƙi su san gidan masu ilimi suka zo.

Alhaji, ka sayi agogon bango, zai fi ƙawata falon. Lambobin yabo irin su Newbery da Coretta Scott King an kafa su ne domin a nuna wa iyaye da malamai abin da ya dace a miƙa wa yaro, kuma wasiƙarka ba ta ambaci ko da yaro guda ba.

Wani malamin sakandare daga Kano ya ce ya sayi littafin New Kid a hannun masu talla a cunkoson motoci, a kan kuɗin da bai kai sulusin farashin kanti ba, sai ya tarar hotunan sun dushe kuma wasu shafuka sun maimaitu. Yana tambaya ko daga kamfani aka yi kuskuren.

Malam, jabu aka sayar maka, kuma ina zaton zuciyarka ta raya maka haka tun lokacin da ka ji farashin. New Kid na Jerry Craft, wanda ya fito a 2019 ya kuma zama labarin zane na farko da ya ci Newbery a 2020, labarin wani yaro ne mai son zane da iyayensa suka kai shi makarantar kuɗi inda baƙar fata ba su da yawa, kuma rabin ma'anarsa tana cikin fuskokin da aka zana. Idan hoton ya dushe, me ya rage wa ɗalibanka?

Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na ga iyayen da ba sa ƙyashin kuɗin anko sau uku a wata, ba sa lissafin abin da data ke ci musu, amma da an zo kan littafin yaro sai su tsaya ciniki kamar masu sayen tumatir da yamma, daga ƙarshe su koma wurin mai jabu suna murnar sun yi riba. Araha ba ta ado. Littafin jabu takardarsa shara-shara ce, har rubutun bayan shafi yana leƙowa, tawadarsa tana yin ƙarfi a wani wuri ta suma a wani, gam ɗin da aka liƙe shi yana tsagewa a buɗawa ta uku, sau da yawa kuma akan samu kuskuren rubutu a bangon baya. Babbar ɓarnar ita ce yaron da aka sha wahala kafin ya yarda ya zauna da littafi, ya yi nisa, sai ya tarar babu shafi goma a daidai inda labarin ya ɗauki zafi; irin wannan yaro da wuya ya sake amincewa. Ga kuma haƙƙin marubucin da ya shafe shekaru yana aiki, wanda ko sisi ba ya kai masa, alhali mu ne muke kukan babu masu rubuta labarin yaranmu. Najeriya ta sabunta dokar haƙƙin mallaka a 2023, amma doka ba za ta tsaya tare da kai a bakin titi ba. Haka nan kwafin da ake turawa ta WhatsApp, shi ma sata ce, ko da wanda ya turo maka limamin unguwa ne.

Na san canjin dala ya sa littafin waje ya yi tsada, ba na musun wannan. Mafita ita ce gwanjo, domin littafi na asali da wani yaro ya karanta a Ingila ya fi sabon jabu ƙarko nesa ba kusa ba. Ka duba shafin farko da na ƙarshe, ka bi lambobin shafuka, ka tabbatar ba a cika shi da zane-zanen biro ba. Ko kuma iyaye biyar su yi karo-karo, kowa ya sayi guda na ƙwarai, yara su riƙa musanyawa.

Wata ɗaliba tana son ta ba ƙanwarta mai shekara 10 littafin The Hate U Give saboda ta riga ta ga fim ɗinsa.

'Yata, ki dakata. Littafin Angie Thomas na 2017 yana da kyau, amma labarin budurwa ce mai shekara 16 da ɗan sanda ya harbe abokinta a gabanta, kuma akwai ashar da maganar soyayya a ciki. Ki karanta abinki, ki ajiye mata sai ta kai aji huɗu na sakandare.

Wani uba daga Zariya ya ce ɗansa ya nace sai an saya masa Akata Witch na Nnedi Okorafor, shi kuwa sunan ya tsaya masa a rai.

Malam, sunan bai ɓoye komai ba, domin "witch" na nufin mayya. Labarin wata zabiya ce da aka haifa a Amurka take zaune a Najeriya, kuma tsafi da sihiri ne ginshiƙinsa daga farko har ƙarshe. Idan tarbiyyar gidanka ba ta ɗauki wannan ba, ka faɗa wa yaron dalili a fili, kada ka hana shi kawai ya je ya ara a ɓoye. Ka musanya masa da The Boy Who Harnessed the Wind, labarin gaskiya na William Kamkwamba, ɗan Malawi da talauci ya fitar da shi daga makaranta, ya ƙera injin samar da lantarki daga iska da tarkacen bola yana ɗan shekara 14. Ka nemi bugun da aka sauƙaƙa domin yara, ka kuma haɗa masa da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin ya san cewa labarin bauta da rabuwar uwa da ɗa an rubuta shi da Hausa tun 1934.