Amsa ga mai shafin sakamakon ƙwallo da ke tsayawa ranar wasa

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don ramin da kake bakinsa ni na riga na faɗa ciki. Ka ce shafinka yana sabunta sakamako duk bayan daƙiƙa biyar, amma da jama'a sun yi yawa sai ya tsaya cak. Haka nawa ya fara.

Ba zan manta 7 ga Fabrairu 2024 ba, wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Afirka, Najeriya da Afirka ta Kudu a Bouaké. An ɗauke wuta, kwamfuta na kan cinyata, caji saura kaɗan. Troost-Ekong ya ci fenareti, mutane suka yi ta kwararowa. Osimhen ya jefa ta biyu, shafina ya rubuta 2-0. Sai VAR ta soke ƙwallon, aka ba Afirka ta Kudu fenareti, Mokoena ya farke. Ni kuwa manhajar da na rubuta ƙari kawai ta sani, ba ta san ana soke ƙwallo ba. Duniya na ganin 1-1, ni ina nuna 2-1.

Ina cikin gyarawa da hannu, kamfanin da nake hayar sabar (injin da ke ɗauke da shafin) a wurinsa ya rufe ni, wai na cinye wa sauran masu haya ƙarfin inji. Babu gargaɗi, babu kira. Shekara biyu ina biyansu, ko kwana ɗaya ban taɓa makara ba. Saƙo huɗu na tura a daren, amsa ba ta zo ba sai washegari bayan azahar, kuma abin da ke ciki kawai shi ne in sayi tsari mai tsada. Aka tashi 4-2 a bugun fenareti, unguwa ta ɗauki ihu, ni ina zaune a duhu ina kallon farin allo. Wallahi har yau abin yana cina.

To don Allah ka bar sabar haɗaka, ka kama VPS, wato sabar da aka ware maka kasonka kai kaɗai, ko ƙarami ne. Kuma kada wayar mai kallo ta taɓa rumbun bayananka ko API (ƙofar da kake ɗauko sakamako daga kamfanin da ke bayarwa) kai tsaye. Manhaja ɗaya tak ce za ta riƙa ɗauko sakamako duk daƙiƙa 15, ta zuba a Redis (ma'ajiyar bayanai mai sauri) ko a ƙaramin fayil na JSON, ka sa Cloudflare, mai tsayawa tsakanin shafinka da masu kallo, a gaba ya riƙe kwafinsa na 'yan daƙiƙoƙi. Ko mutum dubu goma ne, daga nan za su ɗiba. WebSocket da kake tambaya, wato buɗaɗɗen layin da saƙo ke zuwa ya koma tsakanin sabar da waya, ba shi ne maganinka yanzu ba. Tunda daga gare ka saƙo ke tafiya kawai, Server-Sent Events, inda sabar ce kaɗai ke tura wa waya saƙo, ya ishe ka.

Kada ka ƙirga ƙwallaye da kanka! Duk ɗaukowa, ka goge tsohon sakamako ka rubuta wanda ya zo.

Ka yi lissafin kuɗi ma. Tsarin API na kyauta mai kira 100 a rana, in kana kira duk daƙiƙa 15, minti 25 ya ƙare, ba a ko je hutun rabin lokaci ba. Tsarin biya kuwa da dala ne, ka kuma san yadda naira take.

Abin da ya dawo mini da mutanena gasar gida ce. Ƙanina yana zuwa filin Sani Abacha duk ranar da Kano Pillars ke wasa, yana turo mini ta WhatsApp, ina shigarwa da Hausa. Kuma na cire manyan hotuna, don yawancin masu shigowa da ƙaramar waya suke, data kuma tsada.

Ka gwada shafin ranar Asabar da yamma, lokacin da wasannin Firimiyar Ingila ke haɗuwa. Ka faɗa mini da PHP ka rubuta ko Node, in turo maka yadda na tsara nawa.