Ƙanina ya faɗi yana shure-shure, iska ce ko tiramol?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ƙanina direban keke napep ne, ya fara shan tiramol wai don ya jure aiki tun safe har dare, yanzu kuma in bai sha ba ko tashi daga katifa ba ya iyawa. Satin da ya wuce ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana shure-shure kumfa na fita a bakinsa, Hajiyarmu ta dage wai iska ce ta taɓa shi, Kawu kuma ya ce a kai shi gidan mari a ɗaure har ya dawo hayyacinsa. Ni dai wallahi hankalina bai kwanta ba. Daga ƴar uwarku a Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Wannan faɗuwar sananniya ce wajen masu shan tiramol da yawa, ƙwayar kan jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba, balle irin mai miligiram 225 ɗin nan da ake shigowa da ita ta bayan fage, alhali wadda hukuma ta yarda likita ya rubuta 50 ce ko 100. In kuma yana haɗawa da roci (ƙwayar sa barci) ko kodin to abin ya fi muni, numfashi ne ke raguwa, mutum ya kwanta barci shikenan ba zai farka ba.

Batun gidan mari kam, ki roƙi Kawu cikin ladabi ya haƙura. Mu nan Kaduna ba mu manta da abin da aka gani a Rigasa a watan Satumba na 2019 ba, da ƴan sanda suka fito da mutane ɗaruruwa daga wani gida, har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa bayansu duk shatar bulala, kuma iyayen da suka kai su gyara suke nema ba cuta ba. Jikin ƙaninki ya riga ya saba da ƙwayar nan, in aka tsayar masa rana ɗaya sai zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da fargaba su taso masa, wahalar nan ce ke mayar da yawancinsu ruwa ko da sun yi rantsuwa sun bari. Shi ya sa likita ke rage ta a hankali yana duba shi. Ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, suna kula da masu shaye-shaye. Addu'a da ruƙiyya Hajiya ta ci gaba da abinta, ba su hana zuwa asibiti.

Kuma kar kunya ta sa ku ɓoye shi a ɗaki. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suke sha, kin ga ba gidanku kaɗai ba ne.

In ya sake faɗuwa a kwantar da shi ta gefe ɗaya, a kawar da duk abin da zai ji masa ciwo, kar a cusa masa cokali a baki, kar a ɗura masa ruwa ko madara, in farfaɗiyar ta kai minti biyar ba ta tsaya ba a garzaya asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne keken. Mai farfaɗiya a kan titin Ahmadu Bello Way da fasinja a baya, ai rayuka ne. Ya ajiye tuƙi har likita ya ce ya koma, ku kuma ƴan uwa ku zauna da mai keken kan maganar balans, domin in bashi ya taru masa gobe zai fita ya sake sayen ƙwayar don ya cika kuɗin.