Fulotina ya shekara shida yana jiran unguwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamar makaranta ce a Garwa ta Kamaru, ina zaman haya a Yelwa da 'ya'yana huɗu. Shekara shida ke nan da na kwashi adashe na sayi fuloti mai murabba'in mita 400 a wata babbar unguwa da wani ɗan kasuwa ya yanka a bayan gari. A taswirar da aka nuna mana akwai kasuwa, makaranta, asibiti da tituna masu faɗi. Yau gidajen da ake kwana ciki ba su kai ashirin ba. Babu wuta, babu famfo, ciyawa ta cinye titunan. Yayana ya ce in sayar in huta. In sayar ne, ko in yi gini? Daga wata mai karatu, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Na yi shekaru ina jan igiyar awon filaye kafin in ajiye aiki, kuma wasiƙarki ta taɓa ni, don na san wahalar da ke cikin kuɗin adashe.

Mu fara da takarda. Me ke hannunki? A Kamaru, tun dokar filaye ta 1974, takardar da ake kira titir fonsiye ce shaidar mallaka a hukumance, kuma cinikin fili mai irin wannan takarda sai a gaban notaya, wato jami'in doka mai tabbatar da takardun ciniki, yake inganta. Wanda ya yanka unguwa yana riƙe da uwar takarda, daga cikinta ake fitar wa kowane fuloti tasa. In abin da kika riƙe rasit ne da sa hannun jauro, wato mai unguwa, kawai, kada ki sayi ko buhun siminti ɗaya tukuna. Ki je ofishin filaye, a duba, a tabbatar da turakun iyakarki, a fitar miki da taki.

Sai jinkirin. Shekara shida ba ta ba ni tsoro ba, abin da ke damuna gidaje ashirin ɗin nan. Galibin masu sayen fuloti a irin waɗannan wurare ajiyar kuɗi suke yi, suna Yawunde ko Duwala suna jiran fili ya yi tsada. Masu kawo wuta da ruwa kuwa mutane suke bi, ba za su kafa turakan lantarki da taransfoma saboda kangaye ba. Kowa na jiran kowa. Shi ya sa gwamnati ta kafa hukumar MAETUR a 1977, don a shimfiɗa titi da magudanar ruwa kafin a sayar da fili. Mai yanka na kansa sau da yawa greda kawai yake turawa ta share hanya, damina ɗaya ta shafe.

Aikin gwamnati ma yakan yi jinkiri, dubi unguwar Rumde Ajiya a nan Garwa. An gina filin wasanta a 1978, amma gyara mai yawa na titunan wannan ɓangare sai da gasar ƙwallon Afirka da aka buga a farkon 2022 ta tunkaro aka gani. Wutar ma, ko ta iso, galibi daga madatsar ruwa ta Lagdo take zuwa, kuma kin san halinta idan ruwa ya ja baya.

Shawarata kada ki sayar yanzu, sai in wurin na cin ruwa. Ki je cikin watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ki tsaya a kan fulotinki da ƙafarki. Garwa a kwarin Binuwai take, akwai filin da yake kamar faranti da rani, da damina ya koma tafki. Ki tambayi matan da ke zaune can inda suke ɗebo ruwa a watan Afrilu, da nawa ɗan acaɓa ke karɓa zuwa babbar kasuwa.

In ƙasa ta yi kyau, ki zagaye da katanga, ki yi ɗaki biyu da bayan gida, ki sa sola. Ku mazauna ku kafa ƙungiya, ku haɗa kuɗin rijiyar burtsatse, ku kai kukanku ofishin magajin gari a rubuce da sunayen gidaje. Ki kuma nemi kwafin taswirar nan ki adana, ku sa ido kan filin makaranta da na kasuwa, don su ake fara yankawa a sayar idan babu mai tsaro.