Zancen "buwat" da ka tambaye ni

Salam ƙanena, ya Damagaram, ya su Hajiya? Na ga saƙonka, wai a gurup ɗin WhatsApp na ƴan ajin da za ka shiga a Lyon ta Faransa an rubuta "jeudi on sort en boîte", wato ran Alhamis za a fita zuwa boîte, ka duba boîte a ƙamus ka ga akwati, kanka ya ɗaure. To gidan rawa ne na dare, cikakken sunan boîte de nuit, suna yanke shi su ce buwat kawai. Amma ka kula, in wani ya ce "ma boîte" yana zancen albashi ko patron to kamfanin da yake aiki yake nufi, kar ka yi ma bawan Allah mummunan zato.

Alhamis ɗin kuma ba kuskure ba ne, daren ɗalibai ke nan, don ran Juma'a da yawansu suna tafiya gida wajen iyaye. Wurin ba ya cika sai bayan sha biyun dare, doka ta ba su har ƙarfe 7 na safe, a ƙofa akwai wani ƙato da suke ce ma videur, ya kalli takalminka ya kalli fuskarka ya ce ba ka shiga kuma ba ka bin sa bashin bayani. Shiga kaɗai sai ta ci Euro 15 ko 20, ka lissafa a sefa 655 kowane Euro, wajen jikka 10 zuwa 13 ke nan ba ka sha ko ruwa ba, ga metro ya tsaya, nan kuma babu kabu-kabu da za ka tare a bakin titi, sau da yawa sai taksi mai tsada ko ka taka da ƙafa cikin sanyi.

Abin da nake so ka gane, ba duk gayyata ce buwat ba. In sun ce soirée yawanci a ɗakin wani ne, in sun ce "boire un verre" zama ne a kafe ana hira kamar fadarmu ta Birni, sai dai babu shayi zagaye uku, ka sayi lemo ba mai ce maka kanzil. Wannan ni ina zuwa, a nan ake samun wanda zai ara maka kwas in ka yi fashi. Buwat kuwa giya ce da kiɗan da ba ka jin na kusa da kai, ni ba wurina ba ne. Ka ce musu ba ka sha ba ka zuwa, kai tsaye, sun fi gane haka da ka yi ta "insha Allah sai na gani", don su za su ɗauka ka amsa su tsaya jiranka a ƙofa.