Dirakula: mutum ne ko ƙirƙira?

Tambaya: Malam, wai Dirakula mai shan jinin nan na finafinai ya taɓa rayuwa kuwa?

Amsa: Malama, ƙirƙira ce. Bram Stoker, ɗan ƙasar Ayalan, shi ya rubuta littafin Dirakula, aka buga shi a Landan a 1897. Sunan kam aro ne: a 1890 ya ci karo da shi a ɗakin karatu na garin Whitby na Ingila, cikin wani littafin tarihin Wallachia, ƙasar (a Romaniya ta yau) da Vlad na Uku, wanda ake wa laƙabi da Dirakula, ya mulka a ƙarni na 15. Vlad ya shahara da tsire abokan gaba, amma shan jinin daga tatsuniyoyin gabashin Turai aka ɗebo shi.

Dabarar Stoker ita ce gina labarin da wasiƙu da guntayen jaridu, sai mai karatu ya ji kamar gaske ne.

Mutane da yawa na zaton hasken rana ke kashe Dirakula. A littafin yana yawo da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Fim ɗin Jamus Nosferatu na 1922, wanda aka gina kan littafin, shi ya kawo batun mutuwa da hasken rana. Ba da izini aka yi shi ba, matar marigayi Stoker ta kai ƙara, kotu ta ce a lalata kwafofinsa, wasu suka tsira.