Tambaya da Amsa: Wai Dokokin Attaura Suna Nan a Kan Yahudawa da Kiristoci Har Yanzu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya jama'a. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, inada wani kwastoma Kirista da yake zuwa daga Sabon Gari sarin yadi, mun kai shekara takwas muna hulɗa ko sisi bai taɓa ci min ba. Rannan muna hira nace masa ai naji a Baibul ɗinku an haramta alade ya akai wasunku suke ci, sai yace min wannan dokar Musa ce ta Yahudawa, su bata hau kansu ba. Nace to ya za'ai littafi ɗaya rabi ya hau kanka rabi bai hau ba, naga dai ransa bai so ba, tun ranar abin yake damuna. Dan Allah Malam meye gaskiyar lamarin?
Daga wani mai karatu, Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a kasuwa. Abokin naka bai maka ƙarya ba, abinda ya faɗa shine matsayin mafi yawan coci coci a duniya, kaima kuma tambayarka ba ta banza bace dan tun farkon addinin su da kansu akanta suka fara samun saɓani. Amma bari mu fara da Yahudawa tunda su aka fara baiwa dokar.

Su Yahudawa malamansu sun ƙirga dokokin dake cikin littattafai biyar na Attaura, wato Farawa, Fitowa, Firistoci, Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a kamar yadda ake kiransu a Baibul na Hausa, sukace guda 613 ne, 248 na umarni 365 na hani. Cikin waɗanda suka fi shahara da jera su ɗaya bayan ɗaya akwai Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba a Andalus wanda yayi likitanci a Misra zamanin Salahuddin ya rasu 1204, kuma da Larabci ma ya rubuta littafin. To a wajen Bayahude mai riƙo da gargajiya, waɗanda ake ce musu Otodoks, ko guda ɗaya ba'a shafe ba. Abinda ya faru shine a shekara ta 70 miladiyya Rumawa sun rushe Haikalinsu na Ƙudus, wato babban ɗakin ibadarsu, kuma dokoki da yawan gaske na hadaya ne da aikin firistoci waɗanda ba'a yinsu sai a wannan gurin, shikenan suka tsaya, ba wai an soke ba, gurin yi ne babu, har yau a addu'arsu ta kullum suna roƙon a sake gina shi.

Ragowar kuwa suna nan da ransu, kuma wallahi da tsauri. Ka ɗauki abinci kawai. Dabba sai mai tuƙa kuma mai rababben kofato, kaga naman raƙumin da muke saya a abbatuwa haramun ne a wajensu, zomo ma haka. Kifi sai mai ɓawo a jiki da fiffike, kenan farfesun tarwaɗa ya fita. Amma fara, wasu nau'inta halal ne, yana nan a Firistoci sura 11, Yahudawan Yaman sun daɗe suna cin abarsu kamar yadda muke ci da yaji. Basa haɗa nama da nono a ci ɗaya, har tukwane da kwanuka daban suke warewa. Kai da kake harkar yadi ga wadda ta shafi sana'arka, an hanasu saka tufar da aka haɗa ulu da lilin acikinta, akwai ma masu aikin duba kwat da riga su tabbatar babu haɗin kafin mutum ya saka. Kaciya ranar takwas. Asabar kuma daga faɗuwar rana ta Juma'a har duhun daren Asabar ba aiki, malamansu sun ƙirga nau'in aiki 39 da aka hana, ba kunna wuta ba tuƙa mota ba rubutu, shiyasa a otal otal na Isra'ila ake saita lifta ta riƙa tsayawa a kowane bene da kanta dan kar wani ya danna maɓalli. Mu musulmi wannan tsaurin ba baƙo bane a wajenmu, aya ta 146 a suratul An'am ta ambaci abubuwan da aka haramta wa Yahudawa su kaɗai har da kitsen shanu da tumaki.

Saidai ba duk Yahudawa ne akan wannan ba. Ɓangaren ƴan sauyi, Rifom, a taronsu na birnin Pittsburgh a Amurka 1885 sun fito ƙarara sunce dokokin ɗabi'a ne suka hau kansu, na abinci da tufafi da tsarkin firistoci na wani zamani ne. Kuma ga abinda mutane da yawa basu sani ba, Yahudawa basu taɓa cewa 613 ɗin nan ta hau kan wanda ba Bayahude ba, a wajensu alkawari ne tsakanin Allah da Bani Isra'ila, sauran mutane dokoki bakwai ne kawai akansu da suke kira dokokin ƴaƴan Nuhu, irinsu hana bautar gumaka da kisa da sata da zina, da kuma umarnin kafa shari'ar adalci.

Riƙe wannan, dan daga nan maganar abokinka ta taso. Mabiyan Annabi Isa alaihis salam na farko duk Yahudawa ne, suna kaciya suna kiyaye Asabar suna zuwa Haikali. Da Girkawa da sauran ƙabilu suka fara shigowa sai rigima ta tashi, wasu sukace dole a musu kaciya su ɗau dokar Musa gaba ɗaya, Bulus, mai yaɗa addinin a cikin waɗanda ba Yahudawa ba, yace a'a. Akai zama a Ƙudus wajen shekara ta 50, labarin yana Ayyukan Manzanni sura 15, Bitrus almajirin Isa yayi magana, Yakubu shugaban mabiyan a Ƙudus ya yanke, aka rubuta wasiƙa cewa ba za'a ɗora wa baƙin nan komai ba sai abu huɗu, su guji abinda aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka shaƙe, da fasikanci. Alade baya ciki, kaciya bata ciki. Bulus kuma a wasiƙarsa ga Galatiyawa ya kamanta dokar da mai rainon yaro wanda aikinsa ke ƙarewa in yaron ya girma. Masu ɗaya ra'ayin suna kafa hujja da Matiyu 5:17 inda Isa yace bai zo dan ya rushe Attaura ba sai dan ya cika ta, to kalmar cikawan nan ita ake ta ja akanta, wani yace cikawa na nufin aikinta ya kammala wani yace tana nufin tabbatarwa.

Daga baya malaman coci irinsu Toma Akwinas suka raba dokar gida uku, ta ɗabi'a irin Dokoki Goma tana nan daram, ta ibada irin hadaya da abinci ta ƙare da zuwan Almasihu, ta hukuncin ƙasa irin jifa kuma ta tafi da daular Isra'ila ta da. Anglikan ma haka suka rubuta a aƙidarsu ta 1571. Ni a ganina anan tambayarka take da ƙarfi, dan ita Attaurar bata zo a rarrabe haka ba, a Firistoci sura 19 umarnin ka ƙaunaci maƙwabcinka da hanin haɗa zare iri biyu a tufa aya ɗaya ce ke bin ɗaya, malamai ne suka ja layin, kuma kowa da inda ya ja nasa. Shiyasa zakaga fasto yana wa'azin fidda kashi ɗaya cikin goma daga Malakai 3:10 wani faston yace ai wannan ta firistocin Haikali ce, wata cocin ta hana mata wando saboda Maimaitawar Shari'a 22:5 ta kusa da ita bata hana ba. Kiristocin Otodoks na Habasha kuwa har gobe basa cin alade kuma suna yiwa ƴaƴansu kaciya suna girmama Asabar tare da Lahadi.

Amma ɗan'uwa kar ka ɗauki abokinka a matsayin mai zaɓen son rai, hujja yake bi ta addininsa ko da ni da kai bamu gamsu da ita ba. Mu ma ai muna da babin shari'ar waɗanda suka gabace mu a usulul fiƙhi, kuma aya ta 50 a Ali Imrana ta kawo Annabi Isa yana cewa ya zo ya halatta musu sashen abinda aka haramta musu. In ya dawo sari ka tare shi da fara'a kace masa ka bincika ka gane inda maganarsa ta fito, sannan ka tambayeshi wace coci yake zuwa, hirar zata fi daɗi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Maƙwabciyata Kirista ce amma ranar Asabar take zuwa coci bata buɗe shagonta, na aika mata farfesun tarwaɗa ta dawo min dashi da ban haƙuri. Ko ƙyamata take?
Daga wata uwargida, Hotoro.

AMSA: Hajiya ki kwantar da hankalinki ba ƙyama bace. Alamu sun nuna ƴar cocin Adbentis ce masu kiyaye rana ta bakwai, cocin da aka kafa a Amurka 1863, sune masu jami'ar Babcock a jihar Ogun. Su sunce Asabar tana cikin Dokoki Goma dan haka ba mai ikon mayar da ita Lahadi, kuma suna bin dokar abinci ta Firistoci 11, ba alade ba kifi mara ɓawo, wasunsu ma nama gaba ɗaya basa ci. Wani karon ki tambayeta tukunna ko tana cin nama, in tana ci ki aika mata na rago ko kaza, in kifi ne kuma ki sai karfasa.