Zancen jinin nan naki na firigo

Ɗiyata na ga saƙonki, sai da na yi dariya tukuna sannan gabana ya ɗan faɗi. Wai a al'adarmu mi ake yi da jinin mutum, tunda ku a labo ɗinku, ɗakin gwaje-gwaje na asibitin jami'a, kuna aje jinin masu sankarar jini cikin firigo mai sanyin 80 ƙasa da sifiri, shekara da shekaru, har wani mai jinin ya rasu nashi na nan. Ikon Allah, yau ɗiyar unguwar Bagalam ce ke tambayar wannan.

Aikin na gane shi daidai gwargwado, ƙanenki ya zauna ya yi mani bayani: ciwon daga ɓargo yake tasowa, ku kuma ku tsamo abin gado daga fararen ƙwayoyin jini ku sa cikin mashin ɗin PCR mai ninninka shi don a iya dubawa, kuna neman inda kuromozom, wato ƙullin da abin gadon ke ciki, na 9 da na 22 sunka yi musayar gutsure, abin da anka fara ganin alamarshi a Filadelfiya ta Amurka tun 1960, in an same shi sai a ɗora mutum bisa ƙwayar maganin da ake ce ma imatinib. To madalla, aikin lada ne.

Mu da munka taso jini hannun wanzami yake. In bazara ta kama tsohonmu sai ya sa a kira shi ya yi mashi ƙaho a zaure, ya tsattsaga baya da aska, ya kafa ƙahon ya zuƙa da baki ya toshe ramin, in ya cire sai ka ga jini baƙi ya daskare awa hanta. Rame ake ginawa gindin danga a zuba a bi da toka. Wata rana bai kai ga rufewa ba sai ga wata jar kaza ta maƙwabta ta fizgi gudan ta ruga, wallahi Kaka da tsufanta ta yar da faifai ta bi ta, zane na kwancewa, tana faɗin ku tare ta ta ɗauki ɗana! Mu yara muna ta ƙyalƙyala, wanzami ko murmushi bai yi ba. Anka kamo kazar bayan rumbu, Kaka ta biya mai ita kuɗinta nan take, ta ce kazar nan ba mai cin ta, ba mai cin ƙwanta, haka ta tsufa gidanmu. Cewa take abin da ya fito jikin mutum, mutum ne, ba a barin shi hannun wanda bai san sunan uwarshi ba. Shi kuwa wanzamin, kaciya da cire beli na rabin unguwa sun bi ta hannunshi amma ba a taɓa jin sirrin kowa bakinshi ba, in an matsa mashi sai ya ce ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba.

Shi ya sa hoton nan da kika sa a status ranan, kina riƙe da kwalaben masu jan kai, bai yi mani daɗi ba, ko da lamba ce jikinsu ba suna ba. Ku yaran yanzu komi sai an nuna ma duniya.

Zancen wanda ya rasu kuwa ba nawa ba ne, sai kin zo Salla mu tai wurin liman tare. Amma faɗa mani, takardar yardar da suke sa ma hannu, da Faransanci take? Wa ke karanta ma mutumin ƙauye ita da Hausa, kuma ana gaya mashi za a aje jinin, ko ca ake kawai za a auna?